Yatsuna sun ƙi riƙe bik, ga shi ina son komawa karatu

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya Hajiya. Ni malamar firamare ce a nan Damagaram, shekaruna 46, ƴaƴana biyar. Na ci bak, jarrabawar kammala sakandare, tun ina budurwa, sai aure da haihuwa suka tare ni, na shiga koyarwa na zauna. Yanzu autana ya yi wayo, ina so in yi rajista a Jami'ar André Salifou in yi lisans, wato digirin farko, a fannin ilimin tarbiyya. Maigida ya amince.

Damuwata ita ce ciwon gaɓɓai da ke tare da ni shekara biyar ke nan. Da safe yatsuna da wuyan hannuna, dama da hagu, sukan sandare, sai hantsi ya yi kafin in iya riƙe alli. Da na je likita aka ɗebi jini, lokotoro ya ce sunansa polyarthrite rhumatoïde, ya rubuta mini methotrexate. Na sha wata guda ban ga sauƙi ba, ga tashin zuciya, sai na bari. Wata maƙwabciyata ta nuna mini wasu ƙananan ƙwayoyi wajen mai tallar magani, ana ce musu dekisa. In na haɗiyi biyu sai in tashi garau. Shekara biyu ke nan ina sha, wani lokaci har huɗu. Fuskata ta cika, mutane na cewa na samu hutu. A lakwal ba wanda ya san ina da wani ciwo, ko direkta.

Yaya, ki gaya mini gaskiya. Uwar mijina ta ce karatun tsufa wahalar da kai ne, in bar wa yara. Anya zan iya? Yaya zan yi da jarrabawar awa uku da wannan hannu? Ko in ƙara ƙwayar in lokacin jarrabawa ya zo?

Ƙanwarki, daga Garin Malam

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Daga tambayarki ta ƙarshe zan fara, don ita ta hana ni barci daren da na karanta wasiƙarki. Kada ki ƙara ƙwayar nan. Kuma kada ki yar da ita yau don na tsorata ki. Duka biyun haɗari ne.

Dekisa, wato dexamethasone, dangin cortisone ce, kuma mai ƙarfi ce ƙwarai. Jikin mutum yana yin nasa irin sinadarin a wasu ƴan ƙulli biyu da ke zaune a kan ƙoda. Idan aka daɗe ana zuba wa jiki na waje, sai ƙullin nan su kwanta su daina aiki. Wadda ta yi shekara biyu tana sha, ranar da ta tsaya kwatsam jininta na iya faɗuwa, ta yi ta amai, ta suma, har rai na iya salwanta. Lokotoro ne zai rage miki ita kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, har jikinki ya farka ya koma yin nasa. Cikar fuskar da ake yaba miki kuwa, na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya, na san ta tun daga bakin ƙofa. Fuska ta yi zagaye, wuya ya yi tozo, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Bayanta ciwon suga ke biyowa, da hawan jini, da yanar ido, da ƙashi mai rauni wanda ɗan tuntuɓe a tsakar gida zai karya. Ki ɗauki kwalin ko ledar ƙwayar ki kai wa lokotoron, ki faɗa masa yawan da kike sha da tsawon lokacin, ba ragi. Zai yi faɗa, ki haƙura. Ki roƙi a auna miki suga da hawan jini a ranar.

Ban ga laifinki sosai ba. Ni ma ciwon nan ne da ni. Ina da shekara 44 ya kama ni, kuma duk da ina ma'aikaciyar lafiya sai da na yi kusan shekara ina cewa sanyi ne, ina shafa man zafi, har ƙaho an yi mini a gwiwa don kada in saɓa wa gwaggona. Sanyin hunturu yana tayar da shi, gaskiya ne, amma ba shi ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙi da cuta, take rikicewa ta afka wa siririyar fatar da ke lulluɓe gaɓa daga ciki. Fatar ta kumbura, ta tara ruwa, sannu a hankali ta ci guringuntsi ta shiga ƙashi. Shi ya sa yake kama dama da hagu tare, shi ya sa kuma ya bambanta da ciwon gwiwar tsofaffi na zaizayewa, wanda motsi ke tsananta shi. Namu hutu ne ke sandarar da shi, motsi ya sake shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, ƙashin da ya ciwu ba ya dawowa. Ƙaramin yatsana na dama da na kusa da shi sun karkace tun wancan sakacin na shekara guda, haka zan tafi da su kabari.

Maganin da kika bari shi ne maganin. Methotrexate ba ya aiki a wata ɗaya, yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji shi a jiki. Kin sauka daga mota ana gab da isa tasha. Su ma likitoci sukan haɗa shi da ɗan cortisone kaɗan a farko, na ƙayyadadden lokaci, don mutum ya samu sauƙi kafin ya kama, daga nan a janye. Ga abin da nake maimaita wa duk wadda aka rubuta wa shi, har ta gaji da ni. Sau ɗaya ake shan sa a mako, rana guda tsayayya. Wanda ya sha shi kullum kamar paracetamol zai iya mutuwa. Ana haɗa shi da acide folique a wata ranar daban, shi ke rage tashin zuciyar da ta kore ki da gyambon baki. Kafin a fara ana duba jini da hanta da ƙoda, a duba ciwon hanta na B wanda ya yi yawa a ƙasarmu, a ɗauki hoton ƙirji, sannan a riƙa maimaita awon jinin a kai a kai. Ba a haɗa shi da cotrimoxazole, wato Bactrim ɗin nan da kowa ke saya a tire in ciki ya ɓaci, don haɗin yana kashe ƙwayoyin jini. Kuma ba ya tafiya da ciki, yana lahanta jariri. Kada ki ce shekara 46 an wuce wurin, na karɓi haihuwar waɗanda suka girme ki. In har kina ganin al'ada, ku yi maganar tazara da lokotoro da maigida. Zazzaɓi, gyambon baki mai yawa, ko busasshen tari da sarƙewar numfashi, ki dakata da shi ki tafi likita a ranar. In jikinki ya ƙi shi gaba ɗaya akwai wasu, irin su sulfasalazine da hydroxychloroquine da leflunomide, ba a rasa abin gwadawa.

Ga sa'arki: wasiƙarki ta zo ana shirin hutun damina. Wata uku ke gabanki kafin a koma a Oktoba, daidai lokacin da maganin ke bukata. Ki je likita cikin makon nan.

To, karatu. Za ki iya, in Allah ya yarda. Na shiga jami'a ina da shekara 52, na fita da lisans ina da 56. Ki lura, shekara huɗu na ce, ba uku ba, zan dawo kan wannan.

Kafin nan bari in ɗan kare mu, mu matan Damagaram masu furfura a aji. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, amma sai a 2010 aka kafa masa jami'a. A zamaninmu wadda ta ci bak sai ta kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900, ta bar iyaye ko miji. Mu nawa aka bari? Karatun ne ya makara wajen iso mu. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, mu da ba mu da gemun ma sai a bar mu mu wuce.

Babban kuskurena a shekarar farko irin naki ne: ɓoyo. Na shiga cikin yara sa'o'in ƴaƴana, ina jin kunyar tsufa, sai na ga in na ƙara da cewa ba ni da lafiya abin ya yi yawa. Jarrabawar farko ta faɗo cikin hunturu, ƙarfe takwas na safe. Na san amsoshin nan kamar sunana. Na yi awa ɗaya ina rubutu, sai hannun ya ƙulle. Na mayar da bik hannun hagu, na yi layi uku kamar tafiyar kaza, na ajiye. Sauran lokacin na zauna ina kallon yara suna cika takardu. Na samu 6 bisa 20. Da malamin ya kira ni, yaro ne da bai kai ɗana na fari ba, ya ce, "Mama, rabin da kika rubuta ya fi na kowa, ina sauran?" Na zaro hannun daga cikin mayafi na nuna masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Me ya hana ki faɗa tun farko?" Ban da amsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye nawa har ruwan ya huce.

Don haka ga yadda za ki yi. Ki karɓi takardar shaida daga lokotoronki, wadda ta faɗi sunan ciwon da abin da yake hana ki, musamman dogon rubutu da hawan bene. Ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban tsangayar, ki haɗa da kwafin takardar, ki kai tun makon rajista, ki riƙe kwafi mai hatimi a jakarki. Wanda ya zo da roƙo ana gobe jarrabawa kamar mai neman hanyar zamba ake kallonsa, wanda ya zo tun Oktoba kuwa an san shi. Ki faɗi abin da kike so dalla-dalla. Ƙarin lokaci, wanda a tsarin Faransanci ake kira tiers-temps, wato a ƙara kashi ɗaya cikin uku, jarrabawar awa uku ta zama huɗu. Ɗaki a ƙasa. Izinin miƙewa ki motsa jiki. Ranar da hannu ya ƙi sam, a yi miki ta baka ko a ba ki wanda zai rubuta abin da kike faɗa. Ba bara kike yi ba: Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, kuma sashe na 24 nata ya yi maganar a daidaita wa ɗalibi yanayin karatu gwargwadon lalurarsa, har a jami'a. Na san kalmar naƙasa za ta yi miki nauyi a baki. Ni ma ta yi mini. Awa guda ta ƙari ta fi mini wannan nauyin amfani.

Direktanki ma ki gaya masa, da sufeto, tunda dole sai da izininsu za ki haɗa aiki da karatu. Malamar da aka san lalurarta ana iya ba ta ajin da rubutun tablo bai yi yawa ba.

Maganar shekara huɗu. Tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da jami'o'inmu ke bi ya raba lisans zango shida, kowane zango kiredi 30, wato ma'aunin nauyin darussa, jimla 180. Darasin da kika ci ya zama naki, ba a ƙwace shi, kuma akwai zama na biyu ga wanda ya faɗi ko ya rasa na farko. Ciwonmu yana da ranakun tashi, mako biyu ko uku da ko buta ba ka iya ɗauka. A shekarata ta biyu ya tashi ana tsakiyar zango, na bar darussa uku na ɗauke su a shekara mai zuwa. Na yi kuka a lokacin, yanzu ko tunawa ba na yi sai irin yau. Ki shiga da lissafin huɗu a ranki, in uku ta yiwu riba ce.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma su suka kai ni. Nakan cika tarmos da ruwan zafi tun dare. Da asuba in sirka a roba, in tsoma hannuwa minti goma ina buɗe yatsu ina rufewa, da shi kuma nake alwala. Ranar da ke da darasin ƙarfe takwas, awa biyu kafin nan nake tashi, don sandarewar ta sake ni a gida. Bik siriri maƙiyinki ne. Ki naɗe shi da soso ko tsumma har ya kai kaurin babban yatsa, ki nemi irin mai ruwan tawada wanda ba sai an danna ba. Kada ki yi gasar kwafe darasi da yara. Ki nemi izinin malami ki ɗauki muryarsa a salula, ki rubuta kanun magana kawai, sauran ki yi fotokofin kayen wata mai kyan rubutu. Ni wata yarinya ƴar Mirriya ce ta riƙe ni shekara uku, ita ta ba ni kaye, ni in yi mata bayanin abin da ba ta gane ba, in kuma kawo mata tuwo ranar Juma'a tunda a ɗakin haya take. Kowane aji yanzu yana da zauren WhatsApp, ki sa delege ya saka ki tun ranar farko. Aikin gida mai tsawo kuwa, salula tana rubuta Faransanci in kin yi mata magana, sai ki bi ki gyara. Da haka na rubuta rabin kundina na ƙarshe, ina kwance.

Littafi mai nauyi kada ki riƙe shi a hannu, ki ɗora a irin katakon nan da ake ɗora Alƙur'ani. Kada ki wuce minti arba'in a zaune ba ki miƙe ba. Kabu-kabu yana da sauri, amma riƙon ƙarfen baya a kan hanya mai gargada yakan bar mini wuyan hannu a kumbure har washegari, sai na koma adaidaita ko da zan jira. Methotrexate ɗina ranar Asabar da dare nake sha, don kasalar da tashin zuciyar su faɗa ranar Lahadi.

Akwai gajiyar da ba wanda ya gaya mini ita. Ciwon nan ba a gaɓa kaɗai yake ba, yana rage jini, yana sa mutum ya ji kamar an zare masa laka ko bai yi aikin komai ba. Ranar da kika ji haka, ba lalaci ba ne, ki kwanta. Na gano kaina ya fi ɗaukar karatu tsakanin hantsi da azahar, sai kuma bayan la'asar kaɗan. Karatun dare da yara ke yi har ƙarfe biyu da shayi, na gwada sau ɗaya na biya da kwana uku a gado.

Gida kuma. Ke kin san Damagaram da ruwa. Bido mai lita 25 kilo 25 ne, a kan yatsun da ke ciwo. Daga yau ɗaukar bido, da matse wanki, da tuƙin tuwo, da daka, sun bar hannunki. Ƴaƴa biyar gare ki, maza su ma suna da hannu. Ki zaunar da su gaban babansu ki nuna musu yatsunki da safe kafin su saki, su gani da idonsu. Yaran da aka ɓoye wa ciwon uwa ba su da laifi in sun bar mata aiki. Salla ma kada ki azabtar da gwiwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba marar lafiya damar yin ta a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Kujerar roba na ajiye kusa da dardumata. Azumi kuwa ki tambayi lokotoro tun Sha'aban yadda za a jera magungunan, musamman in kina shan diclofenac ko ibuprofène, waɗanda ke cin ciki da ƙoda in ba abinci ba ruwa, balle a zafin bazara.

Uwar mijinki na bari ƙarshe da gangan. Kada ki yi musu da ita, ba za ki ci ba. Ina zargin ma ba karatun take ƙi ba, tsoro take a bar ɗanta da jikokinta ba mai kula. Kuma ki tuna ita ma fuskar nan mai cika take gani, ta ɗauka lafiya ce ta yi miki yawa har kike neman abin yi. Ki je da goro da ɗan turare, ki zauna ƙasa in gwiwa ta yarda, ki ce, "Inna, ga halin da nake ciki, ga abin da likita ya ce, aikin ƙarfi ya ƙare mini, na zaune ya rage, shi ya sa nake neman takardar da za ta kai ni ofis. Ki sa mini albarka." Tawa surukar, Allah ya jiƙanta, ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Ranar da sakamakon shekarar farko ya fito ita ta aika aka sayo ƙosai aka raba wa almajirai, tana gaya wa maƙwabta wai ita ta matsa mini in koma.

Abu ɗaya zan ce ki dakata a kansa. In Oktoba ta zo ba a gama janye miki dekisa ba, ko lokotoro ya ga kumburin bai kwanta ba, ki ɗaga rajistar zuwa baɗi. Janye cortisone bayan shekara biyu yakan zo da kasala da ciwon jiki, kuma ba na so wannan ya haɗu da zangonki na farko har ki ɗauka kanki ne ya kasa.

Ki sake rubuto mini a ƙarshen Satumba. Ina son in ji awon sugarki da na hawan jini, da ƙwaya nawa ta rage a rana, da minti nawa yatsun ke ɗauka kafin su saki da safe. Ki fara ƙirga mintocin tun gobe, ki riƙa rubutawa a bayan kaye, don lokotoro zai tambaya.

Yayarki Hajiya